Mma Fuseina Mai Ɗakin Cigiya

Bayan azahar bas ɗin kamfani ke ɗaukar su Mma Fuseina daga gidan kwanan ma'aikata da ke can bayan gari. Mma Fuseina takan zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, ba don son gaba ba, sai don gwiwarta ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, kuma a nan kaɗai take samun wurin miƙe ta. Kafin su isa bakin teku, yawancin 'yan matan da ke bayanta sun yi barci, kawunansu jingine da gilashi. Ita ba ta barci a mota. Takan ɗora 'yar jakarta a cinya, tana jan carbi, tana kallon dogayen benayen Doha suna wucewa.

Filin wasan da take aiki, wanda Larabawa ke kira malahi mu ma muka ara, na lokacin sanyi ne. Ana buɗe shi idan zafi ya sauka, a rufe shi idan ya dawo. A ciki akwai babban lilo mai juyawa da ake hangowa tun daga titi, da dawakan roba masu zagaye, da ƙaramin jirgin ƙasa mai ɗaukar yara ya kewaya da su filin. Wurin Mma Fuseina ba ya cikin abubuwan da mutane ke ɗauka a hoto. Kwantena ce aka yi wa fenti ruwan ɗorawa, tsakanin tantin ma'aikatan jinya da banɗakin mata. Nan ake kai yaran da suka ɓace wa iyayensu. Mu dai ɗakin cigiya muke ce masa.

Da ta iso takan share ɗakin, ko da masu shara sun riga sun share. Ta goge ƙananan kujerun roba ɗaya bayan ɗaya, ta cika gorar ruwa, ta fiƙe fensiran zane, ta hura lasifika ta ji ko tana aiki. Sai ta ninke wani tsohon zanen atamfa ta rataya a bayan ƙofa, ta jawo kujera ta zauna a bakin ɗaki, ta jira kukan farko.

'Yar Zongon Kumasi ce. A can "Mma" ake ce wa uwa, kuma haka kowa ke kiranta a filin, har 'yan Nepal da 'yan Filifin da ba su san ma'anar kalmar ba. Hausarta irin ta can ce, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "ya zo", kowa "ya tafi". Zan rubuta maganarta da Hausarmu ta Zazzau, sai inda hannuna ya ƙi canzawa. Ta zo Ƙatar ne a matsayin mai shara. Ta yi shekaru tana wanke banɗakuna a filin jirgin saman Hamad, daga baya kamfani ya riƙa tura ta malahi da sanyi, da zafi kuma a mayar da ita goge-goge a manyan shagunan Garrafa. A shekararta ta farko a malahi, tana goge ƙasa kusa da kwantenar nan, ta ji wata yarinya 'yar shekara biyu tana tsala kuka har numfashinta na sarƙewa. An ba ta alewa ta yar, an kunna mata waya ta ture. Mma Fuseina ta jingine sandar guga, ta kwance zanen da ta ɗaura a kan yunifom, ta sunkuya ta goya yarinyar kamar yadda ake yi a gida, ta ci gaba da aikinta. Kafin ta gama gefe ɗaya na dandamalin, yarinya ta yi barci. Shugaban wurin na tsaye yana kallo. Washegari aka ce ta ajiye guga, ɗakin nata ne. Albashin bai canza ba.

Sunana Rakiya, ina aikin ba da magani a wani asibiti a Al-Sadd. Ban san wannan baiwar Allah ba sai a ranarta ta ƙarshe a bakin aiki. Abin da na faɗa a sama, daga bakinta na ji a 'yan kwanakin da suka rage mata a ƙasar, sauran kuma daga bakin Liatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, wadda tantinta ke jikin ɗakin cigiya, suka yi shekaru suna jin motsin juna ta bango.

Liatu ta ce wahalar aikin ba yaran ba ne, iyayen ne. Uwa takan iso a guje, idonta ja, da ta ga ɗanta lafiya sai tsoron ya juye fushi, hannu ya tashi. Mma Fuseina ta san wannan lokacin. Takan tsaya a bakin ƙofa da kofin ruwa, ba ta barin kowa ya shiga sai ya sha. "Kafin mutum ya shanye kofin nan," in ji Liatu, "hannun ya sauka. Na ga manyan mutane sun sha ruwan nan suna hawaye."

Ta kuma ba ni labarin wani mutum da ya zo karɓar wata yarinya. Ya faɗi sunanta daidai, ya nuna hotonta a wayarsa. Amma da yarinyar ta gan shi sai ta ɓuya a bayan Mma Fuseina, ta damƙe mata riga. Mma Fuseina ta ce ba za ta ba shi ba sai uwar ta zo. Mutumin ya yi faɗa, ya kira shugaba, ya ce za a ga wanda zai kwana a ƙasar. Da uwar ta iso sai aka ga kawun yarinyar ne na gaskiya, tsoron faɗansa kawai take ji. An ja wa Mma Fuseina kunne, an sa ta ba da haƙuri, ta bayar. Da suka tafi Liatu ta tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Gobe ma in yaro ya ɓuya a bayana, ba zan matsa ba. Haƙuri ba ya ƙare mini, zan sake bayarwa."

Yanzu bari in faɗi nawa.

Mahaifina, Malam Bello, direban jirgin ƙasa ne a zamaninsa, a layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Bayan rasuwar mahaifiyarmu mantuwa ta fara cin ƙarfinsa, sai muka ɗauko shi ya zauna tare da mu. Wata rana ya gane ni. Wata rana ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko maigidan na nan, yana neman masauki. Maigidana, Umar Faruq, yana aiki a matatar gas da ke arewacin ƙasar, sai ya samu hutu yake zuwa. Don haka ni ce asibiti da safe, ni ce makarantar yara, ni ce wankan Baba da maganinsa da ɓoye makullin ƙofa. Ban san na gaji ba. Na ɗauka haka rayuwa take a waɗannan shekarun.

Tun da aka buɗe malahi 'ya'yana biyu, Sauda da ƙanwarta Bilqis, suke roƙo in kai su. Kullum amsata ita ce sati mai zuwa. Ana nan har Sauda ta dawo daga makaranta ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Mama, ranar Asabar za su rufe. Ba komai, sai baɗi." Wannan "ba komai" ɗin ce ta tashe ni. Matar da ke taya ni zama da Baba ba ta zuwa ranar Asabar, don haka na sa masa farar riga da hularsa, muka tafi mu huɗu bayan la'asar.

Wanda bai taɓa zuwa malahi a ƙarshen makon rufewa ba, ba zai gane irin gajiyar wurin ba. Zafi ya riga ya dawo, iskar teku ba ta sanyaya komai, sai dai ta manna wa mutum riga a jiki. Duk wanda ya yi ta ɗagawa irina ya zo a ranar, layi ko'ina. An riga an lulluɓe wasu rumfuna da tamfol. 'Yan tsanar da ake ci a wasan jifa sun koɗe saboda rana. Ma'aikata na ta cewa "yalla, yalla" da muryoyin da suka dushe, suna murmushin da baki kaɗai ke yi. Kiɗan da ke fita daga dawakan roba ma kamar ja yake yi da ƙyar.

Na zaunar da Baba a kan benci a inuwa, daidai gaban layin wani ƙaramin lilo, na ba shi shayi a kofin takarda. Daga cikin layin ina hango farar hularsa. Da aka zo kanmu, bel ɗin kujerar Bilqis ya ƙi shiga, na sunkuya muna kokawa da shi ni da mai kula da lilon. Da na ɗago na waiwaya, wata mata ce zaune a bencin tana shayar da jariri. Kofin shayin na ƙasa.

Na jira lilon ya tsaya don ba yadda zan yi, na fizgo yaran, muka fara nema. Baba ba shi da waya. Katin shaidarsa na cikin jakata. Ba ya jin Larabci, Turancinsa kuma ya tafi tare da sauran abubuwan da suka tafi. A gefe ɗaya na filin teku ne, a ɗaya gefen babban titi. Na tare wani mai gadi na ce na ɓatar da mutum. Ya ciro oba-oba ya tambaye ni shekarun yaron. Na ce ya haura saba'in. Ya dube ni, ya ce in duba wajen masallaci. Muka duba masallaci, muka duba wajen abinci, muka sa wani bawan Allah ya leƙa mana banɗakin maza. Bilqis ta fara kuka takalmi na cin ƙafarta. Sauda ta riƙe hannun ƙanwarta tana ja. Rana ta yi ƙasa sosai, aka fara kunna fitilu.

Abin da ke faruwa a ɗaya ƙarshen filin a wannan lokacin, Liatu ce ta gani da idonta.

Baba ya ji kukan ƙaramin jirgin nan na yara, ya tashi ya bi sautin. Da ya isa inda layin dogon ya ratsa hanyar masu tafiya, ya ga yara na tsallakawa, jirgi kuma na tahowa a hankali. Sai ya shiga tsakiyar layin ya tsaya, ya cire hularsa ya ɗaga sama yana kaɗawa kamar tuta. Matuƙin ya taka birki, jirgin ya tsaya, ba wanda ya ji ciwo. Amma Baba ya ƙi matsawa. Masu gadi biyu suka kama shi ta hannu, shi kuma ya shiga fizge-fizge yana cewa, "Ku sake ni, akwai yara a kan layi." Ba wanda ya fahimce shi. Hular ta faɗi aka tattake. Jama'a suka taru, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Ɗaya daga cikin masu gadin ya fara neman a kira 'yan sanda. A cikin wannan kokawar fitsari ya kufce wa mahaifina, a gaban mutane, a cikin farar riga.

Mma Fuseina na zaune a bakin ɗakinta ta jiyo Hausa a cikin hayaniyar. Akwai yara biyu a ɗakin, kuma doka ba ta yarda ta bar su ba. Ta leƙa tanti ta ce, "Liatu, riƙe mini ɗaki." Ta zaro zanen da ke bayan ƙofa, ta tafi tana jan ƙafa.

Liatu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ta ce Mma Fuseina kai tsaye ta nufi Baba. Ta ratsa mutane ta isa gabansa, ta buɗe zanen ta ɗaura masa a ƙugu, ta gyara shi ya sauka har idon sawu. Sannan ta juya ta ba shi baya, ta fuskanci masu wayoyi, ta buɗe hannuwanta ta ce da Larabci, "Khalas," wato ya isa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a haka har wayoyin suka fara sauka. Ta ce wa masu gadin da guntun Larabcinta, babanta ne, su sake shi. Sun san ta, suka saki.

Ta ɗauko hular ta kakkaɓe, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, sannu da aiki," in ji ta. "Jirgi ya tsaya. Yara duk sun tsallake."

Ya dube ta yana haki. "Duka?"

"Duka, Baba. Ba wanda ya rage."

Ya ƙura mata ido, can ya ce, "Haulatu? Ke ce?"

Haulatu yayarsa ce, wadda ta raine shi, ta rasu tun ina ƙarama.

"Ni ce," in ji Mma Fuseina. "Zo mu je ka huta."

Ya bi ta kamar yaro. A ɗakin cigiya ta aika aka kira wani dattijo ɗan Bangaladesh mai shara a banɗakin maza, Liatu ta kawo wando irin na marasa lafiya daga tanti, dattijon ya kai Baba ya taimaka masa ya wanke jiki ya canza. Mma Fuseina ta ɗauraye wandon Baba da bakin rigarsa da hannunta, ta matse, ta sa a leda. Ana cikin haka shugaban sashen ya iso, shi ma jiƙe da gumi. Ya ce ɗakin na yara ne, babba sai ofishin tsaro. Ta ce masa a ofishin tsaro ba mai jin yarensa, zai sake rikicewa. Ya ce doka ce. Ta ce, "Mudir," wato shugaba, "gobe ba na nan. Ka bar ni in gama yau." Mutumin ya dubi Baba, ya dubi zanen, ya shafa fuska ya fita.

Ta tambayi Baba cikakken sunansa, ya faɗa mata tsaf, har da aikinsa, kamar mai amsa wa babban jami'i. Sai ta ɗauki lasifika. Da Larabci da Turanci kaɗai ake sanarwa a filin.

Ni a lokacin ina bakin ƙofar fita, wajen ajiye motoci, na ciro waya zan kira Umar Faruq, ina tunanin da wace kalma zan fara. Sai kiɗa ya yanke. Wata murya mai kauri, a gajiye, ta cika filin.

"Salamu alaikum. Iyalan Malam Bello direba. Baba ya gama aiki, yana ɗakin yara kusa da asibiti, yana jiranku. Ku zo a hankali, lafiyarsa lau."

Sauda ta ja mini mayafi. "Mama, Hausa."

Aka maimaita sau ɗaya, kiɗa ya dawo. Sai daga baya na lura ba ta ce an tsinci tsoho ba, ba ta ce ya ɓata ba. Mutanenmu na da yawa a filin a ranar, kuma duk wanda ya ji, abin da ya ji shi ne wani dattijo na jiran iyalinsa.

Na same ta a bakin ƙofa da kofin ruwa. Na yi ƙoƙarin wucewa, ta tare.

"Sha tukun, 'yata."

Na sha. Ta saman kafaɗarta na hango Baba a kan wata 'yar jar kujera, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, yana nuna wa wata yarinya 'yar Indiya yadda ake zana taragon jirgi. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Haulatu, ga baƙi, ba su wuri."

Na shiga ɗakin. Na zauna a ɗaya daga cikin kujerun yaran na yi kukan da na yi watanni ban samu lokacin yi ba. Mma Fuseina ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ba 'yan matan fensir da takarda, ta juya musu kujeru suka fuskanci bango, ta dawo ta tsaya kusa da ni.

"Kar ki tambaye shi me ya sa ya tafi," in ji ta a hankali. "Bai sani ba. Aiki ya je."

Da na natsu na ce za mu tafi gida. Ta tambayi yaran abin da suka hau. Bilqis ta ce lilo ɗaya.

"Ɗaya tak? Yau fa ake rufewa." Ta dube ni. "Kai su. Ni da Baba muna nan."

Na ce a'a, ta riga ta yi abin da ya fi ƙarfin godiya. Ta ce, "Yaushe rabon da wani ya riƙe miki shi?" Na dubi Baba. Ta ce, "To je ki. Ba inda za shi, yana wurin yayarsa."

Muka hau babban lilon. Yana tashi a hankali, hayaniyar filin na raguwa, har muka kai inda iska ke da ɗan sanyi. Yaran na nuna jiragen ruwa da fitilun gari. Ni kuwa na jingina kaina da ƙarfe, na bar hannuwana suka kwanta a cinya. Babu wanda nake gadi. Ban tuna rabon da in zauna haka ba. Muka sauka suka hau dawakai, suka hau jirgin da kakansu ya tsayar, suka sha kankara mai launi har harsunansu suka yi shuɗi.

Da muka dawo an yi magariba. Mma Fuseina ta shimfiɗa wa Baba kwali a ƙofar ɗakin, ya yi sallarsa, ta ce bai yi kuskuren ko harafi ba. Yana zaune yana lazimi. A nan ne Liatu ta gaya mini cewa ba filin kaɗai ake rufewa ba, kwantiragin Mma ma ya ƙare, kuma ba za ta sabunta ba.

Na tambaye ta ko ƙafar ce.

"Ƙafa ma ta gaji," in ji ta. "Amma tsohuwata ce. Irin ciwon Baba gare ta. In na kira a waya sai ta tambayi ƙanwata, wace ce wannan matar da ke cikin gilashi." Ta shiga tattara fensira. "Na bar autata Fauzia tana ƙarama. A waya na ga aurenta, a waya na ga jikana. Wannan kam ba zan yi shi a waya ba."

Na ce, to in kin je ba ta gane ki ba fa?

Amsar da ta ba ni, da Hausarta zan rubuta. "Ko bai gane ni ba, ni na gane shi."

Ba a yi mata bikin sallama ba. Liatu da 'yan matan da ke sayar da tikiti ne suka sayo shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, aka sha a tsaye a bayan kwantena, kowa na sauri kar bas ya tafi ya bar shi. Washegari manyan motoci suka fara kwance lilon. Ni na kai ta filin jirgi ranar tafiyarta. Kafin ta shiga layi ta ce in jira ta, ta shiga banɗakin mata ta gaisa da masu shara. Ba ta san ko ɗaya daga cikin na yanzu ba, ta dai ce ba ta iya wucewa ba ta yi musu sannu ba.

Mma Fuseina, uwar ɓatattu, bari in juyo gare ki.

Ke ce kika yi shekaru kina share hawayen 'ya'yan wasu, naki suna girma a hannun 'yar'uwarki. Ke ce kike zaune a bakin kwantena kowa na wucewa zuwa wurin wasa, ba mai kallonki sai wanda ya shiga tashin hankali, kuma da ya karɓi ɗansa yakan tafi bai tambayi sunanki ba. Ke ce kika ga dattijon da ba ki taɓa gani ba a cikin halin da ba ya so a gan shi, kika fara da suturta shi kafin ki tambayi ko shi wane ne. Kin amsa sunan da ba naki ba don hankalinsa ya kwanta. Kin dubi matar da ta zo karɓar mahaifinta, kika gane ita ma tana bukatar a riƙe ta. Duk wannan kin yi shi ne a ranar da kike da ikon cewa kin gama, da gwiwa mai ciwo, ana gobe za a ɗauke ɗakin da kike ciki.

Bayan ta isa Kumasi ta aiko mini da saƙon murya. Ana jin kaji da rediyo a bayanta. Ta ce tsohuwar ba ta gane ta ba, ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Amma ta yarda ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso, abin da ta daɗe ba ta bari kowa ya yi mata ba, har barci ya ɗauke ta a cinyarta. Ta ce in gaida Baba. Na gaishe shi. Bai san wadda nake nufi ba, amma ya ce yana amsawa.

Jikinsa na ƙara yin ƙasa, ni ma ban daina gajiya ba. Abin da ya canza shi ne yanzu nakan buɗe baki in nemi a riƙe mini shi. Matan unguwarmu biyu na karɓata ranar Asabar, kuma da na tambaya sai na ga ashe jira suke a tambaye su.

Ku 'yan'uwana da ke zaune a wannan gari, likitoci da injiniyoyi da malamai da sauranmu, muna wuce irin su Mma Fuseina kullum, a filin jirgi, a shaguna, a bakin banɗaki, cikin yunifom ɗin da ke sa ido ya zame a kansu. Wasunsu yarenmu suke ji. Ku yi musu sallama, ku tambayi sunansu tun ba ku shiga bukatarsu ba. Idan kuma kuka ga wani ya rikice a tsakiyar jama'a, babba ne ko yaro, ku mayar da waya aljihu ku matsa kusa. Ba sai kun san shi ba.

Na gode, Mma. 'Ya'yana sun gode, mahaifina ma da zai iya riƙe abin da ya faru da ya gode fiye da mu. Allah Ya hutar da gajiyarki, Ya ba ki ladan jinyar tsohuwa. Ranar da ke ma ƙafa da tunani suka gaza, Allah Ya sa akwai mai tsaya miki.